Bangon da Awaki Suka Lasa

Bawku ce garin farko da na sauka a ƙasar Gana, jakar kayan aiki a kafaɗa, shekara goma sha huɗu na gini a hannu. Sunana Sabi'u, birkila ne ni daga Funtuwa, kuma a lokacin ina ji da kaina fiye da kima. Na ɗauka cokalin gini na zai yi mini magana duk inda na shiga. Amma duk wurin aikin da na yi sallama, kafin a tambaye ni me na iya sai a ce, wane ne maigidanka? Haka al'adar zango take tun zamanin fatake. Baƙo ba ya samun aikin kirki sai wani mai mutunci ya tsaya masa, in baƙon ya ɓata kuwa, sunan wanda ya tsaya ne ya ɓaci. Ni ko ba ni da kowa a ƙasar, ko wanda zai ce ya taɓa ganina a kasuwa.

A kwana na huɗu wani mutum mai farar riga ya tare ni kusa da 'yan albasa, ya ce shi ɗan kwangila ne, yana da gini a bayan gari. Bakinsa kamar an shafa zuma. Ya nuna mini wani shago ya ce, “Masta, kawo kaya nka ni aje nan, gobe da safe mu tafi.” Na miƙa masa jakar har ina godiya. Da safe na tarar da wani dattijo a shagon yana ɗaure buhuna. Ya ce shagon nasa ne, mai farar rigar inuwa kawai ya sha jiya ya wuce. Guduma, ma'auni, igiya, katakon shafa filasta, duk sun tafi. Cokali kaɗai ya rage mini, shi ma don na saba soke shi a ƙugu. Na tsaya tsakiyar kasuwa ina zagi da Hausar gida, mutane suna ratsa ni suna wucewa.

Daga nan na gangara Yendi, inda na koma lebura. Ni da nake da masu kwaɓa mini a gida, sai ga ni ina ɗaukar kwanon siminti a ka ina miƙa wa mutanen da ba su iya jera bulo biyar a miƙe ba. Na yi haƙurin mako uku. Rannan na ga bango yana tafiya a karkace, bakina ya ƙi rufuwa, na gaya wa mai aikin a gaban jama'a. Kafin azahar an sallame ni. Bangon dai a karkace yake, amma ni ne na kwana da yunwa.

A Yendi zazzaɓi ya kayar da ni, damina tsakiya, ina kwance a barandar wani masallaci kusa da tasha. Can na san kewa. Matata Hadiza takan kira ta ce 'yarmu ta fara tafiya, ni kuma in gyara murya in ce aiki ya yi mini yawa, in na kashe wayar in juya fuska bango. Wata mata Badagomba mai sayar da tuwo a bakin hanya ita ta lura da ni. Kwana shida tana ajiye mini kwano a gefen tabarma. Ba ta jin Hausa, ni kuma a harshensu “naa” kaɗai na sani, abin da ake amsa gaisuwa da shi, don haka duk abin da ta faɗa sai in ce naa, ta yi dariya ta tafi. Har yau ban san sunanta ba. Da na miƙe, ladanin masallacin ya ce in ba na gudun nisa in tafi Salaga in nemi Alhaji Gado, tsohon magini ne, kuma ba ya korar baƙo.

Alhaji Gado ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Kakanninsa fataken goro ne, kuma Hausarsa irin ta kakata ce, har sai da na ji ƙwalla da ya ce mini “maraba da baƙon nesa.” Bai tambaye ni maigidana ba. Ya nuna mini dakalin ƙofar gidansa da ya fashe ya ce in gyara. Da na gama ya sa aka kai shi, ya bi aikin da tafin hannu tun daga wannan kusurwa har waccan, sannan ya ce a ba ni masauki. Wata biyu na yi a gidan ina 'yan gyare-gyare a unguwa, in yamma ta yi in zauna kusa da shi ina kallon masu babura da kekunan doya suna wucewa.

A irin wannan zaman ya ba ni labarin wata majami'a. Ya ce yana saurayi, a shekarun farko bayan Gana ta sami 'yancin kai, ya bi motar goro zuwa kudu neman aiki, ya faɗa wani ƙauyen masunta a bakin teku. A can wani fada Bature, limamin Kirista, wanda ya karanci gini kafin ya shiga aikin addini, yake gina ƙaramar majami'a da leburori 'yan arewa. Fadan ya ƙi kwanon rufi, ya ƙi bulo, ya ce kankare kawai, kuma ba ya son ganin kusurwa. Mutanen ƙauyen suka yi ta dariya, wasu suka ce tankin ruwa yake ginawa, wasu suka ce kuɗi ne suka ƙare, shi ya sa bai shafa filasta ba. Shekara biyu suka yi a kai. Yanzu Baturen ya daɗe da mutuwa, zanen ginin ya ɓata, kuma cikin waɗanda suka yi aikin Alhaji kaɗai ya rage. Shi ya sa fadan da ke riƙe da wurin yanzu, ɗan ƙasa, ya zo har Salaga sau biyu yana tambayarsa yadda aka ɗaura bangon da ke fuskantar teku, domin ya fara zubewa. Manyan 'yan kwangila sun ce a rushe a sa bulo. Fada ya ƙi, ya roƙi Alhaji ya samo masa mai aikin hannu wanda ya yarda da shi.

Na ce masa ni fa Musulmi ne. Ya ce shi ma da ya ɗauki kankaren ginin a ka ba ya fashin salla, kuma in bango ya faɗo, ba ya tambayar wanda ke ƙarƙashinsa ina yake fuskanta. Sannan ya ce, “Ba ni da abin ba ka sai sunana. Shekara sittin ina tattalinsa. Zan ba ka aro, ka dawo mini da shi yadda ka karɓa.”

Na ƙetare wani babban tafki a jirgin fito, na kwana biyu a hanya, na isa ƙauyen da hantsi. Ban taɓa ganin teku ba, amma gaskiya ginin ne ya fara kama mini ido. Yana tsaye shi kaɗai a kan tudu, bayansa bishiyoyin kwakwa. Bangon ya lanƙwasa kamar rabin ƙwarya, rufin kankare ne siriri, ya taso daga baya ya yi tsini a gaba kamar hancin kwalekwale. Sawun katakan da aka zuba kankaren a ciki yana nan a jikinsa, har ana ganin jijiyar itacen. Tagogin ƙanana ne, babu biyu masu girma ɗaya, an watsa su a bango wasu sama wasu ƙasa, da gilashi ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Ta gefen teku an bar ramuka a jere don iska ta ratsa, shi ya sa ko da rana tsaka cikin da sanyi. Ruwan rufin gaba ɗaya ta indararo guda yake zuba, babba, ya faɗa cikin wani kwarmi na dutse. Wannan indararon ya ba ni dariya, domin irin na soron kakana ne sak, sai dai na kankare. Na zagaya ginin sau uku ina neman inda mai shi ya yi ha'inci ban samu ba.

Bangon tekun kuwa ya ci wuya. Kankaren ya kumbura ya ɓantare a wurare da yawa, rodin ciki ya fito ja da tsatsa, wani in ka taɓa sai ya marmashe. Fada, mutum ne siriri mai magana a hankali, ya iya 'yar Hausa don ya yi zama a Navrongo, can arewacin ƙasar. Ya ce tun da Alhaji ne ya aiko ni ba shi da tambaya. Ya ba ni kayan aiki da ɗaki a bayan majami'ar, ya nuna mini simintin da aka tara, ya ce za a kawo yashi daga kogi. Shi zai yi tafiyar wata ɗaya da rabi zuwa wani taro nasu, ya bar ni da wani tsoho mai sharar wurin, wanda ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya.

Na yi kwana goma ina fasa ruɓaɓɓen kankare, ina goge rodi da burushin waya, ina ƙara sabo inda ya cinye. Ba ni da abokin magana. In na yi salla a kan rairayi yara da manya su tsaya daga nesa suna kallo, in na idar su watse. Ƙarar ruwan nan ba ta tsayawa, tun ina jin tsoronta har ta zame mini kamar mutum a ɗaki. Mutum ɗaya nake jin Hausa a bakinsa, Mma Azara, 'yar Bawku mai koko da ƙosai a tashar ƙauyen, ita ma tafiyar rabin sa'a ce tsakaninmu.

Na gama shiri, yashi bai zo ba. Kwana uku ina jiran mai keken da zai kawo, kullum sai gobe. Ga shi kuwa ƙarƙashin tudun, taku talatin daga bangon, yashi ne shimfiɗe iya ganin ido, fari tas, babu laka babu tsakuwa. A Funtuwa irin wannan sai mai hali. Na ce a raina mutanen nan wauta ke damunsu, ga abu a gindinsu suna aika wa kogi. Na ɗauki baro na gangara. Tsohon mai shara ya biyo ni yana ɗaga hannu yana ta magana da harshensu, har ya riƙe baron. Na zaci tsafin bakin ruwa yake karewa. Na ture hannunsa na ce da Hausa, baba, je ka yi shararka, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ya tsaya ya dube ni, ya juya ya tafi.

Mako uku na yi ina cikewa ina shafawa. Har katako na samo na danna a kan ɗanyen aikin don sawun ya yi daidai da na da. Da na sauko daga tsani ran ƙarshe na ja da baya na duba, wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Ba ka gane inda tsoho ya ƙare sabo ya fara.

Kwana biyu bayan haka na fito da safe na tarar da awaki biyar a jikin bangon. Na kore su suka dawo. Ba tsohon kankaren suke nema ba, inda na gyara kaɗai suke bi da harshe. Duk wanda ya tashi a arewa ya san abin da akuya take lasa haka. Na kankare wani farin gari da ya fito a jikin aikin na ɗora a harshe. Gishiri ne.

Na tafi wurin Mma Azara na gaya mata, ina fatan ta ce ba komai. Ta ajiye ludayi ta ce, “Yashi na teku ka sa? Kai, Masta. Shi na cin ƙarfe kuraa, har ya ƙare. Nan ko yaro ya sani.” Ta nuna mini ƙofar kantin da ke kusa, ƙasanta duk ta cinye, ta ce wannan iskar kawai ke nan, balle a haɗa gishirin da rodi a rufe. Ta ce mijinta ya ga gidan da aka yi haka, shekara biyu lafiya lau, a ta uku ya fara zubar da kansa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi haka muni, domin an zo a gaya mini na ture hannun mai faɗa.

Ba zan ɓoye ba, na haɗa jakata. Aiki ya yi kyau a ido, Fada zai dawo ya yaba, kafin bangon ya tona ni ina Funtuwa ina ɗauke da 'yata. Tsohon mai shara ne kaɗai ya gani, kuma wa zai saurare shi a kan wanda Alhaji Gado ya aiko? Washegari da safe na zauna a tasha, mota tana lodi, Mma Azara tana zuba wa mutane koko ba ta ko kallona. Ina son gida a ranar kamar in yi kuka. Amma na yi ta lissafa ranar da bangon zai fashe. Ba wanda zai tuna wani Sabi'u. Za a ce mutumin Alhaji Gado ne, a kai maganar har Salaga, a same shi a kan dakalinsa yana da shekara tamanin da wani abu. Motar ta cika ta tashi ina zaune. Na ɗauki jakar na koma.

Da Fada ya dawo ya tsaya gaban bangon yana murmushi, ban bar shi ya gama yabon ba. Na gaya masa komai, har da ture hannun tsohon. Murmushin ya ɗauke. Sannan ya ce simintin nan matan da ke ƙyafa kifi ne suka tara shi buhu-buhu cikin shekara guda, kuma shi ne zai tsaya gabansu ran Lahadi ya gaya musu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Na ce laifin nawa ne ni kaɗai, Alhaji bai san komai ba, kuma in an yarda zan fasa in sake da hannuna ko zai kai ni shekara.

Bai kai shekara ba, amma ya kai wata biyar, domin simintin a hankali ya riƙa zuwa. Fasa aikin da ka yi da kyau ya fi fasa na wani ciwo. Na bi shi da guduma da cizal har hannuwana suka tsattsage. Kowane rodi sai da na wanke shi da ruwan famfo, wanda nake ɗaukowa daga cikin ƙauye. Makonnin farko matan in sun wuce sai su kau da kai, kuma ban ga laifinsu ba. Na je har gida na ba tsohon mai shara haƙuri, Mma Azara tana fassarawa. Ranar da yashin kogi ya iso shi ya fara ɗiba ya ɗanɗana, ya gyaɗa mini kai. Salla ƙarama ta same ni a can, na yi idi cikin mutum goma sha biyu a bayan tasha, na dawo na ci gaba da aiki don ba ni da gidan da zan shiga.

Da na gama na koma Salaga. Na sami Alhaji a ƙofar gida da la'asar. Tun a hanya nake shirya yadda zan faɗa, amma da na durƙusa sai na zube maganar yadda take. Na ce na kusa ɓata masa suna, na gaya masa yashin, da awakin, da jakar da na haɗa.

Sai ya tambaye ni wane ɓangaren bangon ne ya fi lalacewa lokacin da na isa. Na ce daga ramukan iska zuwa ƙasa, ta hannun hagu.

Ya ce, “Nan ne. Mu muka zuba shi, mu huɗu, duk 'yan arewa. Bature ya kwanta ciwo, yashin kogi ya yanke, muka gangara da kwanuka. Sai bayan shekara wani masunci ya gaya mini abin da muka yi. Ban koma ba, ban faɗa wa kowa ba. Fada ya zo nan sau biyu yana tambayata me ya sami bangon, na ce masa tsufa ne.”

Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba. Wata biyar na hannuna, da simintin matan nan, da kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta hana. Na tambaye shi don me bai gargaɗe ni ba ranar da zan tafi. Ya ce ya so, amma ya san in ya ce kada in taɓa yashin teku zan tambaye shi yadda aka yi ya sani, kuma ya ji kunyar baƙo.

Ya laluba ya kamo hannuwana biyu, ya bi tsagar da cizal ya bari da babban yatsansa. Na zo da fushi amma na rasa inda zan sauke shi, domin tsoho ne mai raunin ido a gabana yana riƙe da hannuna.

“Kana da lambar Fada a wayarka?” in ji shi.

Na ce ina da ita.

“Kira shi ka ba ni. Gara ya ji daga bakina tun ina da bakin.”

Na danna lambar, na sa masa wayar a hannu, na gyara masa ita daidai kunne. Da ta fara ƙara na tashi na matsa can bakin hanya don kada in ji.